Wasan kwaikwayo, dirama ko wasan daɓe: wanne za a sa a katin gayyata?

Malama, tambayarki ta zo a kan gaɓa, don ko a makon jiya sai da muka tafka musu a kan wannan magana a majalisarmu bayan sallar isha'i. Ga waɗanda ba su san zancen ba: ɗalibanta ne za su yi wasa ranar bikin yaye 'yan aji shida, ta zauna rubuta katin gayyatar iyaye, sai alƙalami ya cije. Shugaban makaranta ya ce ta rubuta "dirama". Malamin Hausa ya ce sam, "wasan kwaikwayo" ake cewa. Wani ƙaninta da ya taɓa shiga harkar ya ce duk su biyun sun kauce, sunan abin "wasan daɓe". Shi ne take so ta ji ko duk abu ɗaya ne, daga ina kowace kalma ta fito, kuma wacce ta fi dacewa da katin.

Cikin su ukun babu wanda ya yi ƙarya, sai dai kowa da inda ya tsaya yake hangen abin. Kalmar malamin Hausa tana duban abin da ɗan wasa yake yi. Ta ƙaninki tana duban inda ƙafarsa take tsaye. Ta shugaban makaranta kuwa baƙuwa ce da ta zo da kayanta, ta samu masauki, ta daɗe har ta koyi wata sana'ar da ba ta zo da ita ba, kuma wannan sana'a ta biyu ce za ta iya ɓata miki kati.

Bari in fara da ta gida. "Kwaikwayo" 'yar ɗaki ɗaya ce da "koyo" da "koyi". An ninka tushen ne, irin yadda muke yi idan aiki ya yawaita ko ya maimaitu. Kada sauyin "ko" zuwa "kwa" ya ruɗe ki, tsohuwar ɗabi'ar harshen ce: muna cewa ƙwarya amma jam'inta ƙorai, wani ya ce gwaggo wani ya ce goggo. To mai kwaikwayo shi ne wanda ya dubi wani, ya ɗauki tafiyarsa da muryarsa da yadda yake gyara hula, ya yi ta yi har mai kallo ya gane wa ake nufi. Amma fa kama da wane ba wane ba ne, kuma a nan daɗin yake. Mai kallo ya san ɗan maƙwabcinsa ne a cikin rawanin nan, ya kuma yarda na ɗan lokaci cewa alƙali ne.

Wannan aiki ya girmi makarantar boko a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya tashi a unguwa ya san tashe. Azumi na kai kwana goma, bayan an sha ruwa, sai ki ji ganga ta gwangwani a ƙofar gida. Yaro ɗan shekara tara ya manna audugar da ya sato daga katifa a haɓarsa, ya sa tsumman babbar riga tana jan ƙasa, ya ranƙwafa a kan sanda yana tari irin na tsoho, abokansa suna amshi. Wani ya riƙe allo ya zama malam, ana tuhumarsa da cewa an gan shi yana rawa, yana rantsuwa bai yi ba, daga ƙarshe ya cashe. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta zama miji ɗaya ta zama mata, su baje zaman aure a tsakar gida, matan gida suna dariyar da rabinta ta sanin kai ce. A ba su hatsi ko 'yan kuɗi, su wuce gida na gaba. A Kano ga Nalako, sarkin gwagware, da farautar gwagwarensa. Ga 'yan kama da suke ɗaukar muryar malami mai wa'azi su juye ta a kan tuwo da miya. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida suke kwaikwayon sarki da fadawansa. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa suke shigar masu mulki. Duk waɗannan babu labule, babu tikiti, babu rubutaccen labari, amma kwaikwayo ne tsantsa.

Inda kalmar take da rauni shi ne rabinta na farko. "Wasa" a kunnen Bahaushe ba ta da nauyi. Idan abu ya yi tsanani cewa muke "ba wasa ba ne". Idan mutum ya raina aiki mu ce ya ɗauke shi wasa. Shi ya sa uba yake jin ɗansa ya shiga wasan kwaikwayo sai ransa ya ɓaci, don a fahimtarsa yaro ya bar aiki ya koma shiririta. Masu harkar kuwa suna da amsarsu a cikin karin maganar da kowa ya sani, cewa da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Matan da suke kwaikwayon sarki a gabansa suna nuna masa abin da babu bafaden da zai iya furtawa. Wani ɗan ƙarin bayani tunda kina koyarwa: za ki ga wasu sun rubuta "wasar kwaikwayo". Ba kuskure ba ne, karin harshe ne. A Kano "wasa" namiji ne, a yammacin ƙasar Hausa sukan mayar da shi mace. A katin makaranta dai daidaitacciyar Hausa za ki bi.

Sai "dirama". Daga Turancin Ingilishi muka aro ta, inda ake rubuta ta "drama". Harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, dole sai ya cusa wasali a tsakani, shi ya sa muke da direba da burodi da firamare da tirela. Haka ita ma ta samu "i" ɗinta. Da ta ƙare da "a" kuma sai ta shiga sahun mata, muka ce "diramar nan ta yi kyau". Su ma Turawan Ingila ba tasu ba ce. Ta bi ta Latin ta iso musu daga Girkanci, inda tushenta "dran" yake nufin aikatawa. Wato asalin ma'anar dirama shi ne "abin da aka aikata". A birnin Atina, wajen shekara 534 kafin haihuwar Annabi Isa, aka fara gasar irin waɗannan wasanni a bikin gunkinsu Diyonisus, kuma har yau kufan filin kallon yana nan a gindin tudun Akrofolis.

Ga abin da ya fi burge ni a duk wannan bincike. Aristotal, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, da ya zo bayanin wannan fasaha, ya ce ana kiranta drama ne don tana nuna mutane suna aikata abu, ba a ba da labarinsu kawai ba. Amma da ya nemi tushen fasahar gaba ɗaya, wata kalma ya kama, "mimesis", wadda ma'anarta kwaikwayo. Ya ce ɗan Adam tun yana yaro yake kwaikwayo, ya fi kowace halitta yin sa, kuma ta hanyarsa yake samun karatunsa na farko. Ki duba fa, abin da malamin Girka ya zauna ya yi dogon bayani a kai, cewa koyo da kwaikwayo tafiyarsu ɗaya, Hausa ta riga ta ɗinke su a cikin kalma guda. Don haka idan shugaban makarantarku yana ganin "dirama" ta fi kama da ilimi, a gaya masa cikin ladabi cewa kalmar malamin Hausa ce ta fi kusa da abin da masanin Girkan ya ɗauka a matsayin ginshiƙi.

Larabci ma yana da nasa labarin. "Hikaya" da muka aro muke nufin labari da ita, a tsohon Larabci kwaikwayon wani take nufi, daga baya ta koma ba da labari. Larabawan yau kuma suna cewa "masrahiyya", daga "masrah", wurin da ake yin wasan, ko "tamsiliyya", 'yar'uwar "misali". Kin ga su ma suna da kalma mai duban wuri da kalma mai duban aiki, kamar mu.

Ta ƙofar makaranta dirama ta shigo mana, tare da ƙungiyoyin ɗalibai masu shirya wasa a ƙarshen zango. Rubutaccen wasa da Hausar boko ma ta nan ya fara. A shekarun 1930 Rupert East, Baturen da ke riƙe da hukumar talifi a Zariya, ya fitar da wasanni shida don 'yan makaranta, kuma sunan littafin kansa da Turanci ne. Da 'yan ƙasa suka karɓi alƙalamin sai suka koma kalmar gida: Abubakar Tunau ya kira nasa "Wasan Marafa", aka buga a 1949. Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da "Jatau Na Kyallu" a 1960, Umaru Ɗanjuma Katsina da "Kulɓa Na Ɓarna" a 1979. Duk ɗalibin da ya yi Hausa a sakandare ya san a jarrabawa rubutaccen adabi kashi uku ne: zube, waƙa, wasan kwaikwayo. Ba a taɓa tambayarsa "zube, waƙa, dirama" ba. A aji da littafi da takardar jarrabawa, kalmar gida ce ke da kujera.

A bakin titi kuwa labari ya sha bamban. Da gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, wasa ya shiga ɗakunan mutane. Mai gabatarwa zai ce "ga wasan kwaikwayonmu na wannan mako", amma yaran da suka yi cincirindo a tagar mai talabijin ɗaya tilo a layi cewa suke "an fara dirama". Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya mayar da Hausar barikin soja abin dariya, da Ƙasimu Yero a Karambana, da Karkuzu daga Jos, duk "'yan dirama" ake ce musu. Kalmar gajera ce, tana da daɗin faɗa, ga ƙanshin zamani. Babu mai tsayawa a tsakiyar hira ya ce "'yan wasan kwaikwayo" alhali ga ta kusa.

To a nan ne baƙuwar ta koyi sana'a ta biyu. Buɗe kowace jaridar Hausa ki gani: "An tafka dirama a majalisa." "Dirama a kotu yayin da mai ƙara ta ga mijinta da amarya." Babu ɗan wasa ko ɗaya a wurin. Rikici ne, hayaniya, abin kunya a bainar jama'a wanda ya tara 'yan kallo. Turancin ma yana da wannan ma'ana, amma mu mun rungume ta hannu bibbiyu. Gwada sa ɗaya a gurbin ɗaya ki ji. Idan aka ce "an yi dirama a gidan biki", kowa ya san dangin ango da na amarya sun kaure. Idan aka ce "an yi wasan kwaikwayo a gidan biki", sai a tambaya wace ƙungiya aka gayyato. Idan kuma mace ta ce wa kishiyarta "daina mana wasan kwaikwayo", tana nufin kukan nan na ƙarya ne. Wato ita ma kalmar gida tana da ma'ana ta biyu, amma tata ita ce riya da yaudara, ta dirama kuwa tashin hankali. Yanzu ki ɗauka uba ya buɗe kati ya karanta: "Ana gayyatarku zuwa diramar da za a yi a makarantarmu ranar Asabar." Zai gane, ba shakka. Amma sai ya yi murmushi tukuna.

Saura ta ƙaninki, wadda ni ita na fi ƙauna. Yaran yanzu da suka tashi a kan siminti da tayil ba su san daɓe ba. Idan aka gama ginin ɗakin amarya, mata ne suke yin gayya. A zuba jar ƙasa da tsakuwa, a baje, a yayyafa ruwa, kowace ta durƙusa da madaɓinta, wani katako mai faɗin ciki da mariƙi. Sai duka, tim, tim, tim, a tare, wata tana ba da waƙa saura suna amsawa, habaici yana tashi ta ko'ina. A riƙa yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi tauri ta yi duhu tana sheƙi. Mai ɗaki ta yi musu fura ko tuwo. Wannan shi ne daɓe: ƙasar da aka daka ta zama wurin tsayawa. Da aka nemi sunan wurin da 'yan wasa suke tsayawa a gaban jama'a, sai aka ɗauko shi. Akwai "dandamali", wanda ya fi nuna tudun da aka ɗaga, akwai "dandali", filin da ake taruwa, amma a bakin masu sana'ar "daɓe" ce ta zauna. Wanda ya taɓa shiga ɗakin wasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda aka gina da ƙasa, ginin Hausa, a tsakiyar shekarun 1970, zai ga kalmar ta dace da wurin kamar don shi aka yi ta.

A ganina, abin da ya ba "wasan daɓe" ƙarfi shi ne zuwan fim. Lokacin da wasa iri ɗaya ne, a gaban mutane, ba a bukatar a bambance shi da komai. Ba wanda yake cewa "kazar Hausa" sai da ta gidan gona ta zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda da ma ƙungiyar wasa ce, ta fitar da "Turmin Danya" a kaset na bidiyo, kasuwa ta buɗe, kafin shekara goma har an raɗa wa harkar suna Kannywood. Fim ya kwashe 'yan wasan, ya kwashe 'yan kallon, ya haɗa har da sunayen biyu, don har gobe akwai tsofaffin da suke ce wa fim ɗin Hausa dirama ko wasan kwaikwayo. Sai ya zama wanda yake nufin na asalin dole ya ƙara bayani. Shi ya sa idan ana hira da tsofaffin jarumai za ki ji suna cewa "ni daga daɓe na fara", kuma da alfahari suke faɗa, kamar direban da yake cewa shi a babbar mota ya koya.

Alfaharin yana da dalili, na kuwa ɗanɗana. Ina aji huɗu na sakandare aka ba ni alƙali. Rawanina zanen gadon wani ɗan ɗakinmu ne, gemuna auduga ce da aka manna da ƙaro. Ana tsakiyar shari'a, zafi ya narkar da ƙaron, rabin gemun ya saki ya rataya a gefen baki. Zaure ya ɗauki dariya, har da iyaye a layin gaba. Babu darakta da zai ce a tsaya a sake. Wanda yake fitowa a matsayin muhuti, wato mataimakin alƙali, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai ya matso ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, ƙaryar mai ƙara ce ta fara zubar maka da gemu." Dariyar ta ninka, amma yanzu tamu ce, mu muka jawo ta. Wannan layi ba ya cikin takarda. A fim da an yanke wurin, an sake manna gemu, an ɗauka sau biyar har ya yi. A daɓe abin da ya faru ya faru, murya dole ta kai layin baya ba tare da na'ura ba, kuma ba a juya wa jama'a ƙeya. Ki gaya wa ɗalibanki wannan tun yanzu, ya fi musu amfani a kan sunan da za a sa a kati.

'Yan'uwanmu na Nijar suna da ta huɗu. Da yake Faransanci ne ya shigo musu, sukan ce "teyatur", wadda ita ma asalinta Girkanci ne, daga kalmar da ke nufin wurin kallo. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974, ƙungiyoyin samariya sun riƙa gasar wasa a bukukuwan matasa na ƙasa, kuma irin su Yazi Dogo sun yi suna da wasannin Hausa da ba a rubuta su kalma bayan kalma, sai a tsara labari kowa ya zuba nasa. Idan baƙon Maraɗi ko Damagaram ya ce miki za a yi teyatur, abin da ƙaninki yake kira wasan daɓe yake nufi.

Idan aka jera su, faɗinsu ba ɗaya ba ne. Wasan kwaikwayo ita ce babbar rumfa: na rediyo yana ciki, na talabijin yana ciki, na littafi yana ciki, tashe ma malamai a ciki suke sa shi. Dirama ta kusa kai ta faɗi, amma ba za ki ji an ce wa tashe dirama ba, kuma ba ta shiga takardar jarrabawa. Wasan daɓe ita ce mafi ƙunci kuma mafi daidai: ba a yin sa a rediyo, ba a karanta shi a littafi, sai da mutane a tsaye da mutane a zaune a wuri ɗaya. Rauninta kawai shi ne maganar 'yan gida ce. Kaka da ta zo daga ƙauye tana iya ɗauka aikin ƙasa za a sa jikokinta.

Don haka da ni ne ke, ga abin da zan rubuta: "Ɗaliban aji shida za su gabatar da wasan kwaikwayo a kan dandamalin makaranta." Kowane uba zai gane, malamin Hausa ya samu tasa, kuma babu mai zaton majigi za a haska. A cikin takardar tsarin biki, inda ake jera sunayen yara da rawar da kowa zai taka, nan za ki iya sa "wasan daɓe" a kai, ƙaninki ya ji daɗi, a raba shi "kashi na ɗaya, fitowa ta ɗaya" kamar yadda littattafanmu suke yi. "Dirama" kuwa ki bar wa shugaban makaranta ya faɗe ta a jawabinsa, da ma yaran da ita suke kiran abin tun ranar da kuka fara gwaji. In akwai mai gemu a cikin wasan, a ɗaura masa da zare ta bayan kunne, kada a yarda da ƙaro.